Sawun da Ya Fito Daga Bango

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka gano an sace akwatin taska a gidan wasan Yasmin. Kafin in isa gida in tuɓe babbar riga labarin ya riga ni shiga unguwa, har ya rabu gida biyu. Wasu suka ce dodannin da yarinyar ta sa aka zana a bango ne suka gaji da raini suka ɗauke abinsu. Wasu suka ce babu wani dodo, Audi mai sharar wurin ne, don mutumin da ya taɓa kora shanun jama'a ba zai ga azurfa ya kau da kai ba.

Sunana Maliki. Shekara arba'in da 'yan kai ina bin sawu. Saniya ta ɓata a Sandamu, an haura katanga a Dutsi, ni ake aiko wa da mashin. Idona ya fara gajiya da fuskokin mutane, amma har yau ƙafa ba ta ɓace mini.

Yasmin da kanta ta zo, mayafi a karkace, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba Maliki, ka taimake ni. Baffa Sha'aban ya rantse in aka kira magariba ba a ga akwatin ba, zai sa 'yan sanda su tafi da Audi."

"Me ke cikin akwatin?"

"Mundayen azurfa da murjanin kakarmu. Kayan gado ne, a hannun Baffa suke. Ni na roƙe shi aro don taskar ta yi kama da ta gaske."

Na dube ta, na ce lallai boko bai hana wauta ba. Ta sunkuyar da kai, sai na ji na ɗan yi nadama, na ɗauki sandata muka tafi.

A hanya ta yi mini bayanin wasan. Tsohon sashen gidan kakanta ne, ɗakuna uku na ƙasa a jere, ta gyara su suka zama wai haikalin wasu mutanen da da suka shuɗe. Mutane huɗu ko biyar su shiga, a kulle su awa guda, su yi ta warware dabaru daga ɗaki zuwa ɗaki har su kai na ƙarshe, su tono akwatin daga cikin yashi. Ita haikali take cewa. 'Yan unguwa kuwa gidan tsafin Yasmin suke cewa, kuma duk da haka 'ya'yansu ne ke cika layi. Ni dai ban taɓa jin mutum da hankalinsa ya kai kansa a kulle shi ba, sai a wannan zamani.

* * *

A zaure na tarar da Audi tsugune a kusurwa, tsintsiyarsa a gabansa, matasa uku sun tsare ƙofa kamar an kama kura. Shekara goma sha tara ke nan da na bi sawunsa kwana uku har kusa da iyaka, na same shi da bijimai biyu. Maganata ce ta kai shi gidan yari shekara huɗu. Tun da ya fito bai ƙara ɗaukar ko allura ba, amma garin nan bai manta ba. Mabuɗin gidan wasan nan shi ne mabuɗi na farko da wani ya yarda ya damƙa masa.

"Faɗa mini yadda aka yi," na ce.

"Da safe Mahdi da abokansa sun yi wasa, lokaci ya ƙare musu a ƙofar ƙarshe. Suka fita. Na share yashin ɗakunan nan uku da baya da baya, yadda nake yi kullum, na kulle, na tafi masallaci. Da na dawo na buɗe ɗakin ƙarshe in duba fitila, sai na ga sawu ya je inda akwatin yake ya dawo, na san an ɗauke shi."

"Ka shiga?"

"Ban shiga ba. Babu wanda ya shiga. Baba, sawun daga cikin bango ya fito."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Saura mako biyu a ɗaura wa Hussaina aure. In dangin mijin suka ga an saka ni a motar 'yan sanda, shi ke nan, na kashe wa 'yata aure. Wancan karon ƙafata ka gani, kuma gaskiya ka faɗa. Yau ma ita nake so ka duba."

Alhaji Sha'aban, ƙanen mahaifin Yasmin, yana zaune a kan dakali da waya a hannu. Mutum ne mai jiki, mai sayar da hatsi, wanda tun ranar da aka fara wasan yake cewa an mai da gidan ubansa gidan gumaka.

"Malam Maliki, kada mu ɓata wa juna lokaci," ya ce. "Mabuɗi biyu ne, ɗaya a hannun 'yata, ɗaya a hannun wannan. Sawu kuma kowa ya iya zana shi da hannu don ya tsorata yara."

"Kai ka taɓa shiga, Alhaji?"

"Allah ya kiyaye. Tun da aka zana waɗancan fuskokin ban taka ba."

"To yau za ka taka. A kira mini Mahdi. Yasmin, kulle mu za ki yi mu uku, yadda kike kulle kowa."

Sha'aban ya ce ai akwai mabuɗin da ke buɗe ƙofofin duka, me ya kawo wasan yara? Na ce masa ni daga farko nake bin sawu, ba na soma shi daga wutsiya. Abin da ban gaya masa ba shi ne dokar wasan: takalmi a zaure ake barinsa. Ƙafafunsu nake so in gani a kan yashi.

* * *

Aka turo ƙofa, kwaɗo ya ce ƙaras a bayanmu. Zan faɗi gaskiya, gabana ya faɗi. Ɗakin da sanyi kamar cikin randa, fitilu ja-ja a ɓoye cikin tukwane, ga wata ganga tana bugawa a hankali daga lasifikar da ba a gani. A bango an zana mutane dogaye marasa baki, hannuwansu a sama. Na san fenti ne, na san kafinta ne da mai zane suka yi, amma gidan ƙasa da ya shekara ɗari yana da nasa numfashin, kuma wannan ba Yasmin ce ta sa masa ba.

Muryarta ta fito daga sama. "Kun shiga haikali. Kuna da awa guda. Ƙofar farko tana buɗuwa ga wanda ya san abin da ƙasa ke fara karɓa."

Mahdi mai gyaran waya ne a bakin tasha, saurayi mai rawar kai. Sau uku yana shiga, sau uku lokaci na ƙare masa, har da karo ɗaya da ya kai ga tono aka hura usur fartanya na hannunsa. Da safen nan mutane sun ji shi yana cewa ko ta halin ƙaƙa sai ya riƙe akwatin nan.

"Ka faɗi haka?" na tambaye shi.

"Na faɗa, Baba, amma cika baki ne. Ni nasara nake so, a ɗauke ni hoto da shi. Me zan yi da mundaye?"

"Ina ka yi Juma'a?"

Ya sosa ƙeya. Ashe bai je ba, barci ya kwashe shi a shago, shi kaɗai, babu mai shaida. Sha'aban ya yi tsaki ya ce to ga na biyu.

Tukwane huɗu ne a jere, gero, dawa, gyaɗa, wake, sai an ɗora su a kan duwatsu bisa yadda ake shuka su. Mahdi ya soma jera su da sauri don ya riga ya haddace. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Ƙafarsa doguwa ce siririya, yatsu a matse, ƙafar wanda ya tashi cikin takalmin makaranta, kuma a kan yatsu yake tafiya kamar mai shirin gudu. Ta Sha'aban faffaɗa, diddigen dama ya fi nutsewa.

A ɗaki na biyu sai an juya wani madubi hasken fitila ya faɗa kan lambobin kwaɗo. Mahdi yana ta fama, ni kuma na lura da Sha'aban. Mutumin da ya ce bai taɓa shiga ba ya miƙa hannu cikin duhu ya dafa wata alkuki a bango ba tare da ya lalluba ba.

"Alhaji, ka san wurin nan da kyau."

"A ɗakin nan aka haife ni," ya ce, muryarsa ta sauka. "Nan gadon tsohuwata yake, inda aka ajiye wancan gunkin na kwali."

Mutum ne da yake son a rufe wasan, kayan kuma a hannunsa suke amana, in sun koma aljihunsa ya jefi Audi da laifi, ya huta ta ko'ina. Na ajiye wannan a raina. Haske ya faɗa kan lambobin, Mahdi ya murɗa, ƙofar ƙarshe ta buɗe.

* * *

Na sa sandata na tare su a bakin ƙofa.

Ɗaki ne dogo, yashin rafi fari tas, layin tsintsiyar Audi a kwance kamar an taje kai. A bangon gabas an zana wata ƙatuwar fuska mai ido biyu a buɗe, daga ƙasa har rufi. Daga ƙarƙashin haɓar fuskar nan sawu ya fito, ƙafa ba takalmi, ya nufi kusurwar kudu, ya dawo, ya shige bangon. Mahdi ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Na tsugunna. Ƙafa ce ƙarama, tafinta ya baje, diddige duk faso. Ba ta Mahdi ba ce, ba ta Sha'aban ba. Ba ta Audi ba ce kuma, don ƙaramin yatsansa na hagu saniya ta taka shi tun yana yaro, a kwance yake, ko cikin barci zan gane shi. Mai wannan ƙafa jan ta yake yi, tsakanin taku da taku akwai zane a yashi. A dawowa takun ya gajarce, ya miƙe sak, diddige ya nutse, alamar an ɗora kaya a ka.

Sai na ga abin da ya tsayar da ni. Taku uku daga bango, jan ƙafar ya yanke. Ƙafa ɗaya ta dake, ɗayar ta tashi sama ta sauka can gaba a kan yatsu. A dawowa ma haka, daidai wurin. An tsallake wani abu, alhali babu komai a wurin sai yashi.

"Alhaji, me ke nan wurin a da?"

Ya leƙo ta kafaɗata. "Nan ai ba ɗaki ba ne da, bayan ɗaki ne, fili. Na ji ana cewa akwai wata 'yar ƙofa daidai nan mai dokin ƙofa. Shekarar da aka haife ni babana ya rushe ta, ya ja bango baya ya yi rufi. Shekara hamsin da biyar ke nan."

Na bi gefen bango na isa kusurwar. Yasmin ta buɗe ƙofofi ta zo ta tsaya a bayan su Mahdi.

"A nan akwatin yake?"

"A nan, Baba. Zurfin hannu ɗaya muke binne shi. Amma kullum aka tona ramin ƙara zurfi yake, yashi na zubewa, shi ya sa gobe magina za su zo su haƙa shi zuwa ƙugu, a zuba siminti a yi masa murfi."

"Wa ya san da zuwan maginan?"

"Kowa. Jiya a tsakar gida na yi waya da su."

Na yi tsammanin rami zan gani, don duk ɓarawon da na taɓa bi a buɗe yake barin raminsa. Wannan an cike shi. An tara yashi an yi ɗan tudu, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, an shafe shi da tafin hannu, an yayyafa masa ruwa, har yanzu da danshi. A gefensa gwiwoyi biyu sun nutse sosai, an daɗe a durƙushe. Na duba yadda tudun ya kwanta. Daga kudu zuwa arewa yake, yadda wanda aka kwantar a ciki zai fuskanci gabas.

Tsigar jikina ta tashi, kuma ba tsoron aljani ba ne. Na san irin wannan tudun. Akwai ɗaya a bayan wani ɗaki a Dutsi, ni na haƙa shi da hannuna ina saurayi, kuma ni da uwargidana har ta rasu ba mu taɓa zancensa ba.

Na miƙe na ƙwanƙwasa fuskar bangon da sanda. Ta yi ƙarar katako.

"Tsohuwar ƙofar cikin gida ce," in ji Yasmin. "Kafinta ya ce ya kafe ta."

"A kan ƙyauren ya buga allon zanen, bai kafe komai ba. Wa ke cikin gida ɗazu?"

"Babu kowa," Sha'aban ya amsa. "Iyalina duk sun tafi bikin suna a Sandamu tun safe. Sai Gwaggo Adama, ita kuwa ko banɗaki sai da sanda. Ka ga sawun sanda a nan?"

Ban gani ba. Na ce kowa ya je ya yi la'asar, mu haɗu a nan bayan sallah, kada wanda ya taka ɗakin.

* * *

Na zagaya ta ƙofar gida na yi sallama. Gwaggo Adama ƙanwar kakan Yasmin ce, ta haura tamanin. Ta yi aure biyu, duka mazan sun rasu, ba ta da ɗa ko jika, ta dawo gidan ubanta tana zaune a wani ɗaki can ƙurya. Haka kowa ya sani.

Kafin in isa gare ta na bi ta bayan tsohuwar ƙofar. An share wurin tsaf, sabuwar shara. Amma tsintsiya ba ta hawa bango. A jikin katangar, daidai ƙugu, akwai ɗan gurbi inda aka jingina kan sanda, a ƙasa kuma ɗan rami zagayayye inda gindinta ya tsaya. Sakatar ƙofar tana sheƙin man gyaɗa.

Na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ja zane ta rufe ƙafafunta, amma na riga na ga farin yashi a cikin fason diddigenta. Tsakar gidan kuwa jar ƙasa ce.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gajiya, na tambayi ƙarfin jiki.

"Hajiya, kin ji abin da ya faru a waje?"

"Kunnena ya yi nauyi, Malam. Na dai ji hayaniya."

"An ɗauke akwatin yarinyar nan."

"To, sai ta haƙura da wasan. Ai dama gidan mutane ne."

Hannunta bai daina ɓara ba. Na gane abin da ta lissafa: in babu taska babu tono, in babu tono magina ba za su zo ba. Na kuma gane ba ta san sauran labarin ba.

"Audi ake zargi," na ce. "Da magariba Alhaji zai kira masa 'yan sanda. 'Yarsa kuma saura mako biyu bikinta."

Gyaɗar ta faɗi daga hannunta ta gangara kan tabarma.

"Audi mai kawo mini ruwa?"

"Shi."

Ta mai da kallonta ga bango. Ni ma ban matsa mata ba. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa nuna sun san da shi, ko yana raye yana yawo a gabansu. To ina ga wanda bai rayu ba? Mace irin wannan ta gwammace a yanke mata harshe da ta tsaya gaban ɗan wanta da jikanyarta ta ce kada ku tona nan, ga abin da ke ciki. Wata uku tana jin ƙarar fartanya ta bayan bango, da dariyar samari, ba ta iya buɗe baki ba.

"Hajiya, a gidan nan kika yi goyon ciki?" na tambaya a hankali.

Ta ɗauki gyaɗar ta mayar cikin ƙwarya.

"Ni ba zan kira sunan kowa ba," na ce. "Zan faɗa musu ba Audi ba ne, in nuna musu a ƙasa. In sun yarda, shi ke nan. In ba su yarda ba, ban san yadda zan yi ba."

Na tashi na bar ta. Wallahi ban taɓa bin sawun da na yi fatan ya ɓace mini ba sai wannan.

* * *

Bayan la'asar muka taru a bakin ɗakin ƙarshe: Sha'aban, Yasmin, Mahdi, Audi, da matasan da ke tsaronsa. Na sa aka kashe gangar nan mai ɗaga hankali. Na ce Audi ya taka yashi kusa da sawun, sannan Mahdi, sannan Sha'aban. Na nuna musu yatsan Audi da ke kwance, na nuna musu tsawon ƙafarsa ya fi na ɓarawon da yatsa uku. Ko makaho ya shafa zai bambance.

"Na gani," Sha'aban ya ce. "Ba ƙafarsa ba ce. To sai me? Ya kawo yaro ko mace ya buɗe musu. Mabuɗi a hannunsa yake."

"Ba ta ƙofar gaba aka shigo ba."

"To wa ya shigo? Kai da ake cewa ba ka kuskure, faɗi suna."

"Ka janye maganar magina, ka bar kusurwar nan yadda take, ni na ɗaukar maka alkawari akwatin zai dawo ko ƙwayar murjani ɗaya ba ta ɓata ba."

"Wato ka san ɓarawon kake rufa masa asiri." Ya ɗaga wayarsa. "Kayan marayu ne a wuyana, Malam Maliki. Ko suna, ko mota ta zo ta ɗauki wannan ya je can ya tuna."

Ban ga laifinsa ba, amana ce ta dame shi. Audi ya dube ni. Bai roƙe ni ba, kallo kawai ya yi, kuma na san in na ƙara minti ɗaya a shiru na sake kai shi gidan yari, wannan karon ba da haƙƙinsa ba. Na buɗe baki.

Sai muka ji ƙarar sakata.

Fuskar bangon ta motsa, ta ja baya gaba ɗayanta, hasken yamma ya shigo ta inda idanun suke. Matasan nan uku suka watse, ɗaya har da tuntuɓe. Gwaggo Adama ce a tsaye, gammo a kai, akwatin a bisa, babu sanda babu takalmi. Ta shigo tana jan ƙafa. Taku ɗaya, biyu, uku, sai ta ɗaga ƙafar dama ta tsallake dokin ƙofar da aka rushe tun kafin a haifi kowa a ɗakin in ban da ni da ita.

Ba gaban Sha'aban ta sauke akwatin ba, gaban Audi ta sauke shi.

"Audi, ka yafe mini. Ban san kai za a kama ba."

Audi ya durƙusa yana gyaɗa kai.

"Gwaggo," in ji Sha'aban, "ke? Me ya yi zafi? In wasan ne ba kya so ai da kin gaya mini."

Ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Akwai mutum a nan," ta ce.

"Mutum? Wane mutum?"

"Alhaji," na ce, "dubi tsawon tudun, ka dubi inda ya fuskanta. Sauran ba a tambayar mace."

Ya duba. Na ga lokacin da abin ya shige shi, don ƙafafunsa ne suka fara ja da baya kafin fuskarsa ta canza. Ya cire hula ya mayar, ya yi salati a ƙasan maƙoshi. Shekara hamsin da biyar yana kiranta Gwaggo wadda Allah bai ba haihuwa ba. Mahdi kuwa tafin hannunsa ya tsaya kallo, wanda ya riƙe fartanya da shi a wannan kusurwar ana yi masa tafi, sai ya juya ya fita ba sallama.

Yasmin ce ta matsa kusa, hawaye na zuba. Jika tana da izinin da ɗa ba shi da shi a wurin kaka, ita kaɗai ce za ta iya tambaya. Ta durƙusa ta kama gefen zanen tsohuwar.

"Gwaggo, ki yafe mini, ban sani ba. Ba za a ƙara taɓa wurin ba. Yaya sunansa, mu riƙa sa shi a addu'a?"

Tsohuwar ta dubi tudun.

"Bai kai suna ba," ta ce. "Kwana shida ya yi. An ma riga an sayo ragon."

Can ta juya, ta sake tsallake dokin ƙofarta, Yasmin ta riƙe mata hannu suka shige ciki.

Sha'aban ya sa wayar a aljihu. Ya tsaya gaban Audi ya nemi gafara da babbar murya, yadda matasan da ke leƙe daga zaure za su ji su kai unguwa, ya ce ranar ɗaurin auren Hussaina a sahun gaba za a gan shi. Ya ɗauki akwatin ya fita.

Muka rage ni da Audi. Ya ɗauko tsintsiyarsa ya fara shara da baya da baya, ya shafe sawuna, ya shafe na Sha'aban da na Mahdi da nasa. Da ya zo kan nata ya tsaya ya dube ni.

"Baba, in share?"

"Bar mata hanyarta," na ce.

Ya kewaye sawun da tudun ya ƙarasa shararsa. Washegari da safe na cika buta da ruwa, na hau motar Dutsi, inda nawa tudun yake.